Yabo da taya murna a Ingila: abin da na tarar daga neman gurbin karatu har ranar yaye ɗalibai

Duk wanda ya zo mini da shirin tafiya Ingila karatu, tambayoyinsa ba sa wuce kuɗin makaranta, biza, masauki da sanyi. Da wuya ka ji an tambayi yadda mutanen can suke yabon juna ko taya juna murna, alhali abu ne da zai tarbi mutum a kowace ƙofa. Rashin sanin ma'auninsa yana sa wasu su saki jiki tun magana ba ta ƙare ba, wasu kuma su karaya a daidai wurin da aka yaba musu. Turanci dai mun iya, da shi muka yi makaranta tun firamare, amma Turancin yabo na Kano ko Kaduna daban, na Ingila daban. Na yi digiri na biyu na shekara ɗaya a wata jami'a da ke arewacin Ingila, a zangon da ya fara cikin Satumba 2024. Zan bi matakan yadda suka zo, da takardu da kuɗin da aka nema a lokacin, da kalaman da za ka ji a kowane wuri da abin da ake nufi da su. Kuɗaɗen suna canzawa kusan kowace shekara, saboda haka a duba shafin gwamnatin Birtaniya kafin a biya komai.

Da farko ana cike takardar neman gurbi ta intanet. Ana ɗora shaidar digiri na farko, takardar sakamakon darussa, shafin fasfo, wasiƙun malaman da suka san aikinka, da rubutaccen bayani kan dalilin da ya sa kake son wannan karatu. Jami'o'i da dama suna karɓar Turancin WAEC daga C6 zuwa sama a madadin jarrabawar IELTS, wasu kuma ba sa karɓa. A cikin wannan bayani ne maganar yabo take fara tasowa. Mun saba buɗe wasiƙa da kirari, mu rubuta "your highly esteemed and prestigious institution". Mai karantawa a can tsallake layin yake yi, don bai gaya masa komai ba. Yabon da yake shiga kunnensa shi ne ka ambaci wani darasi da ke cikin manhajar, ko wani bincike da sashen ya yi, ka nuna inda ya haɗu da aikinka. Haka ma game da kanka. Maimakon ka ce kai haziƙi ne mai ƙwazo, faɗi abin da ka yi, a ina, na tsawon wane lokaci, da abin da ya haifar.

Amsa takan ɗauki makonni, kuma jiran yana cin rai. Idan ta zo, kalmar farko ita ce "Congratulations". Kafin ka kira gida a fara guɗa, karanta har ƙasa ka ga ko "conditional" aka rubuta ko "unconditional". A wurinmu in an ce maka barka, magana ta ƙare. A can ana taya ka murna alhali da sauran sharuɗɗa: a kawo ainihin shaidar digiri, ko wata wasiƙar malami da ba ta iso ba, ko a biya wani kaso na kuɗin makaranta kafin wata rana. Wasiƙar da ake hana mutum ma da yabo take farawa, musamman ta masu neman tallafin karatu ko aiki. Sakin layi na farko zai ce takardarka ta burge su kuma masu nema sun yi yawa. Hukuncin yana ƙasa, a bayan "unfortunately" ko "however" ko "on this occasion". Ka koya wa idonka neman waɗannan kalmomi tun kafin zuciya ta ɗauka.

Bayan cika sharuɗɗa sai kuɗin kafin alƙalami, wanda kowace jami'a take yanka nata. Wasu jami'o'in sukan yi hira da ɗalibi ta bidiyo kafin su ba shi CAS, wato lambar da ba a neman bizar karatu sai da ita. Za a tambaye ka sunayen darussan da za ka ɗauka, wa zai biya maka, me ya sa ka zaɓi wannan gari, me za ka yi bayan ka gama. Bayan kowace amsa za ka ji "great", "perfect", "lovely", "brilliant". Mai tambayar ba maki yake ba ka ba. Abin da yake nufi bai wuce "to, na ji, mu ci gaba" ba, kuma haka zai ce wa wanda ya amsa daidai da wanda ya kauce. Na ga waɗanda suka fito daga irin wannan hira suna murna saboda yawan "perfect" da suka ji, sai aka sake kiran su zagaye na biyu domin ba su iya ambaton darasi ko ɗaya ba. Kada waɗannan kalmomi su sa ka gajarta amsa.

Matakin biza babu yabo a cikinsa ko kaɗan. Ana yin gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi, kamar na IOM, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙaura, a Abuja ko Legas. Hoton ƙirji ake ɗauka, idan an ga wani abu sai a nemi kaki, wannan kuwa yana iya cin wata biyu, don haka a fara da wuri. Takardar tana aiki na wata 6. Sai shaidar banki: ragowar kuɗin makaranta haɗe da kuɗin zama, wanda a lokacin fam 1,023 ne a kowane wata har wata 9 ga wanda ba Landan zai zauna ba, wato fam 9,207, kuma dole kuɗin su kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun yi ƙasa da adadin ba ko da na yini ɗaya. Kuɗin biza a lokacin fam 490 ne, na kiwon lafiya fam 776 a shekara, wanda ga digiri na shekara ɗaya ya kama fam 1,164 saboda bizar ta zarce wata 12. A lokacin ana zuwa a ɗauki hoton yatsu, a miƙa fasfo, a jira kamar mako uku. Saƙon da zai zo busasshe ne, babu "congratulations" a ciki, kuma bushewar ba alamar an hana ba ce. Takardun gwamnati haka suke.

A filin jirgi jami'in shige da fice zai duba fasfo, ya tambayi sunan jami'a, ya ce "lovely, thank you". A wurin rajista ka miƙa takarda a ce "brilliant". A banki ka faɗi adireshinka a ce "fantastic". Cikin mako ɗaya za ka gane cewa waɗannan manyan kalmomi ba su da nauyi a bakinsu. A arewacin Ingila kuma mai shago ko matar da ke tuƙa bas za ta kira ka "love", a wajen Newcastle "pet", a wasu garuruwan tsakiyar ƙasar "duck". Ba so ba ne, ba raini ba ne, haka ake kiran kowa, babba da yaro.

A wannan makon ne ya kamata mutum ya gyara bakinsa game da "well done". A Nijeriya da ita muke fassara sannu da aiki, mu wuce mai shara ko mai gadi mu ce masa "well done". A Ingila ba gaisuwa ba ce, hukunci ne a kan aikin da aka gama, kuma yawanci daga sama yake saukowa: malami ga ɗalibi, uwa ga ɗa, shugaba ga ma'aikaci, ko aboki ga abokin da ya ci jarrabawa. Ka faɗa wa dattijuwar da ke goge bene tana tsakiyar aikinta, za ta ɗago ta dube ka, domin ta ji kamar kana auna aikinta ne. Abin da ake cewa shi ne "Morning" ko "You all right?", idan kuma aikin ya amfane ka, "Thanks for doing that". Ita ma "You all right?" gaisuwa ce kawai, ba wai an ga alamar ciwo a jikinka ba. Amsarta "Good, thanks, you?"

A aji da ɗakin karatu ne za ka fara karɓar yabo na kai tsaye, kuma nan tarbiyyarmu take karo da tasu. An raine mu da kunya: in an yabe ka ka sunkuyar da kai, ka ce ba komai, ko ka mayar da abin ga Allah. Ranar Juma'a ka sa kaftani da hula zanna, ko 'yar'uwa ta sa atamfa da mayafi, tabbas wani zai ce "I love your hat" ko "That colour really suits you". Ƙaramin yabo a can kamar goro ne a wurinmu, in an miƙo maka karɓa za ka yi ka yi godiya ko da ba ka ci. Ka dubi mutum, ka ce "Thank you", ka ƙara jimla ɗaya: da hannu aka ɗinka ta, daga gida aka aiko mini. Wannan jimlar ita ce ƙofar hira, kuma sau da yawa hirar ake nema. Abubuwa uku ne suke ɓata wurin. Yin shiru da sunkuyar da kai, wanda suke ɗauka an ɓata maka rai. Musantawa da ƙarfi, ka dage cewa tsohuwar hula ce marar kyau, wanda yake tilasta wa mutum ya sake yabon ko ya ji ka ƙaryata shi. Sai kuma irin karamcinmu na "in kana so ka ɗauka", wanda yake jefa su cikin ruɗu domin ba roƙo suka yi ba. Su ma suna da nasu kawaicin, za ka ji an ce "Oh, this? I got it in the sale", amma da godiya ake farawa, kuma sau ɗaya ake kaucewa. Idan aikinka aka yaba, "Thank you, I worked hard on it" ba girman kai ba ne a wurinsu. Alhamdulillahi kuwa ba a hana ka ba, ka faɗa a zuciya ko a fili, sannan ka ba mutumin amsar da zai gane.

Wajen bayarwa, yabi abin da mutum ya zaɓa ko ya aikata, ka bar jikinsa. Jaka, takalmi, yadda ya gabatar da bayani a aji, abincin da ya dafa, duk babu laifi. "You have added weight", wadda a gida take nufin ka samu kwanciyar hankali, a can cin fuska ce. Ko ramewa ba a cika yabawa ba sai in mutum da kansa ya ce yana ƙoƙarin rage ƙiba, domin ta yiwu ciwo ne. Hasken fata ba a taɓa shi sam. Namiji ya ce wa abokiyar karatu ko aiki "you are looking beautiful" yana iya jawo masa magana, ko da zuciyarsa fari ƙal take. Jariri kuwa ana yabonsa a fili, "She's gorgeous", babu tsoron kambun baka. Idan ɗanka aka yaba ba a ce tubarkalla ba, kada ka ji wani abu, ba su san da ita ba. Ka faɗa da kanka.

Babban gwaji yana zuwa ne da sakamakon aikin farko, wajen watan Disamba ko Janairu. Ana miƙa rubutu ta intanet, a jira kamar mako uku zuwa huɗu, sai maki ya fito tare da sharhin malami. A yawancin jami'o'i 50 ne cin jarrabawa a digiri na biyu, 60 "merit", 70 "distinction", kuma da wuya ka ga an haura 80. Sharhin yana da tsari: yabo a sama, gyara a tsakiya, ƙarfafa gwiwa a ƙasa. Wanda ya karanta layin farko da na ƙarshe kaɗai zai zaci ya yi bajinta, sai ya ga 54 ya ce an zalunce shi. Tsakiyar ce saƙon. "A good attempt" da "a reasonable start" suna nufin da sauran aiki sosai. "You may wish to consider" da "it might be worth" ba shawara ba ce da za ka ɗauka ko ka bari, umarni ne da aka lulluɓe da ladabi. "Interesting" tana da fuska biyu: in an bi ta da bayanin abin da ya burge, yabo ne, in kuwa ita kaɗai ce sai tambaya ta biyo, malamin bai gamsu ba. "Quite good" matsakaici ne. A ɗaya ɓangaren, "not bad at all" daga bakin malamin da ba ya yawan magana yabo ne na gaske, kuma na san ɗaliban da suka kwana da baƙin ciki a kanta ba dalili. Abin da ya fi amfani shi ne ka nemi ganin malamin a sa'o'in da ya ware wa ɗalibai, ka yi godiya a jimla ɗaya, ka tambaya kai tsaye: "What would move this from 62 to 70?" Tambayar ba ta ɓata musu rai, amsarta kuma ta fi sharhin da aka rubuta fitowa fili.

Bizar karatu ta yarda da aikin sa'a 20 a mako lokacin zango. Na yi nawa a gidan kula da tsofaffi. Sun nemi lambar da ke tabbatar da izinin aiki wadda ake cirowa a shafin gwamnati, lambar inshorar ƙasa, binciken DBS na tarihin laifi, da sunayen mutum biyu da za su shaide ka. Mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama a lokacin fam 11.44 ne a sa'a, ya koma 12.21 a Afrilu 2025. A hirar ɗaukar aiki za a ce "Tell me about a time when", a nemi labarin wata matsala da ka warware. Nan kunya tana hana mutane aiki. Ɗan'uwa zai yi ta cewa "we did", don a ganinsa cewa "I did" yabon kai ne, mai tambaya kuma ya rubuta cewa bai ga rawar da ya taka ba. Faɗi halin da aka shiga, abin da kai ka yi, da yadda aka ƙare. Gaskiya kake faɗa, ba kirari ba.

Kafin a fara aiki akwai horo, a ciki har da dokar daidaito ta 2010 wadda ta hana tsangwama a wurin aiki. Daga 26 ga Oktoba 2024 an ƙara ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata nauyin ɗaukar matakan hana tsangwamar da ta shafi lalata. Abin lura shi ne ba niyyar mai magana kaɗai ake dubawa ba, ana duba yadda maganar ta sauka a kan wanda aka faɗa wa. Da tsofaffin kuma akwai nasu ladabin. Mu girmamawa ce mu ce Baba ko Mama, amma a can sunan da mutum ya zaɓa a kira shi da shi yana rubuce a takardar kulawarsa, da shi za ka kira shi. Kada a yabi tsohuwa da "good girl" don ta cinye abincinta, ana ɗaukar wannan mayar da babba yaro. Ka ce gashinta ya yi kyau bayan mai gyaran gashi ya zo, ko ka yabi hoton jikokinta da ke kan tebur. Wanda ya cika shekara 100 yana samun katin taya murna daga Sarki idan an nema masa, kuma za ka ga an jingine shi a wurin da kowa zai gani. Tsayawa ka karanta shi, ka ce "What an achievement", yana faranta musu rai ƙwarai.

A wurin aiki ne kuma za ka haɗu da kati, wanda shi ne zuwa barka a wurinsu. Wata rana za ka tarar da jakar takarda a ɗakin shan shayi, a cikinta kati da biro da jerin sunayen ma'aikata. Ka buɗe, ka duba na wane ne da dalilinsa, ka nemi ɗan fili a tsakanin rubuce-rubucen mutane, ka rubuta layi ɗaya da sunanka, ka soke sunanka a jerin, ka miƙa wa na gaba ba tare da mai katin ya gani ba. Dubawar nan wajibi ce, domin katin ta'aziyya da na murna a irin jaka ɗaya suke yawo. Sau da yawa akwai ambulan na karo-karo ko adireshin biya ta waya. Fam 2 zuwa 5 ya isa, ba dole ba ne, kuma ba a rubuta wa ya ba da nawa kamar gudummawar biki. Wanda ya samu sabon aiki: "Congratulations on the new job, all the best." Mai ritaya ma taya shi murna ake yi. Masu aure: "Congratulations to you both." Haihuwa: "Congratulations on the new arrival." A kula da abu biyu a nahawu, kalmar kullum da "s" take a ƙarshe, kuma "on" take ɗauka idan za a ambaci abin murnar. Ranar haihuwa "Happy birthday" ake cewa. Kafin jarrabawa "Good luck", bayan an ci "Well done". Irin namu na gida, "happy married life", "more grease to your elbow", "long life and prosperity", "happy new month", za a gane alheri kake nufi amma baƙi ne a kunnensu. Ka adana su don 'yan'uwa.

Akwai wani bambanci da na daɗe ina lura da shi. Barkarmu da addu'a take tafiya: Allah ya raya, Allah ya sanya alheri, Allah ya ba da zaman lafiya. Tasu da tambaya take tafiya. An ce maka an samu aiki, ka ce "Congratulations! When do you start?" An sayi gida, "You must be thrilled, whereabouts is it?" An ci jarrabawar tuƙi, wadda suke ɗauka da girma, "Have you got a car yet?" Tambayar ce take nuna ka damu, in ka tsaya a kalma ɗaya sai a ji kamar ka sallami mutum. Maganar ciki kuma akasin tamu ce. Mu ba ma ambatonsa sai an sauka lafiya. Su da yawa sukan sanar bayan hoton mako 12, daga nan ana taya murna a fili. Amma kafin mace ta faɗa da bakinta, ko ya fito ƙarara, ba a cewa komai. In an haihu kana iya tambayar suna nan take, babu jiran kwana bakwai. Da Sallah abokan aiki za su ce maka "Eid Mubarak" ko "Happy Eid", godiya ta wadatar. Lokacin Kirsimeti, wanda ba ya son faɗin gaisuwar bikin yana da "Enjoy the break" ko "Have a lovely holiday", kuma babu mai jin an rage shi da komai.

Daga wajen Mayu zuwa Satumba lokacin kundin bincike ne. Za a haɗa ka da malami mai duba aiki, kuma ganawar da za ku yi ƙidayayya ce. Da sunansa na yanka yawanci yake so a kira shi. Yawan "Prof" da "Sir", da buɗe imel da "my amiable and erudite supervisor", nauyi yake yi masa, kuma kafin a ba da maki yana iya kama da neman alfarma. Kyauta ma haka: jami'o'i suna da ƙa'ida kan abin da ma'aikaci zai karɓa, don haka turare ko yadin da ka taho da shi ya jira sai sakamako ya fito, ko ka bar shi a kati kawai. Malamai biyu ne suke duba kundin, ga kuma mai sa ido daga wata jami'a, saboda haka daɗin baki ba ya ƙara maki. Godiyar da take tasiri gajeriya ce mai nuna wuri: "Thank you for your comments on chapter two, the point about sampling helped me a lot." Idan shi ya ce wani babi "is in good shape", ka bar shi ka koma kan wanda bai ce komai a kansa ba, lokaci ba ya jira.

Ana miƙa kundi a Satumba, sakamako ya fito wajen Nuwamba bayan kwamitin jarrabawa ya zauna, bikin yaye ɗalibai kuma ya faɗo a Disamba ko Janairu a jami'o'i da yawa. Bizar wanda karatunsa ya kai wata 12 tana ƙara wata 4 bayan ƙarshen karatu, don haka a gwada ranar bikin da ranar ƙarewar biza tun da wuri. Ana rajistar halarta ta intanet, a yi hayar alkyabba da hula a kan wajen fam 50, a nemi tikitin baƙi. Iyayen da za su zo daga gida sai sun nemi bizar ziyara, wadda ta koma fam 127 a Afrilu 2025. A kan dandamali abin daƙiƙoƙi ne: a kira sunanka, ka taka, babban jami'in ya ce "Congratulations" ko "Well done", ka ce "Thank you", ka wuce. Babu durƙusawa, babu jawabi. Wanda ba ya musabaha da mace, ko wadda ba ta yi da namiji, ya sanar da masu shirya bikin tun kafin ranar, a kan dandamali kuma ya ɗora hannu a ƙirji ya ɗan rusuna da murmushi. Sun saba ganin haka. A waje za ka yi ta jin "Congratulations" har daga waɗanda ba ka sani ba a titi saboda alkyabbar, in abokin karatu ne ka mayar masa da "You too, well done".

Abin da na fitar daga wannan shekara shi ne, girman kalma ba ya nuna girman yabo a can. "Brilliant" da "perfect" na bakin kanta ba su da nauyi. Yabon da za ka riƙe shi ne wanda ya ambaci takamaiman abu, ko da da ƙananan kalmomi aka yi shi, kuma irinsa ne ya kamata kai ma ka riƙa bayarwa. Idan ka rasa gane ko yabo ne ko gyara, tambaya ba abin kunya ba ne: "Is there anything you'd change?" tana fito da abin da ke ƙarƙashin ladabi. Sannan duk yabon da ya zo a rubuce, imel ɗin malami, sharhin da ya ce bincikenka ya yi ƙarfi a wuri kaza, katin da iyalan wani tsoho suka rubuto suna ambaton sunanka, ka tara su wuri ɗaya. Da su za ka amsa "Tell me about a time when" a hira ta gaba, kuma mutanen da suka rubuta su ne za ka nema su shaide ka. Kafin ka sa sunan kowa a takardar neman aiki ka aika masa imel ka nemi izini, ka haɗa da bayanin aikin da ranar da ake rufe nema.